Fok Mai Araha

Shekara talatin ina jan bas a Kochabamba,
ban san wuyan hannu na da baki ba
sai da na ajiye sitiyari na hau keke.
A gangaren Tunari
kowane dutse sai ya gaisa da haƙorana.

Na je wurin Eulohiyo mai gyara,
can bayan kasuwa, inda giris ya cinye bango.
Ya sauko da fok biyu daga ƙusa.
Ɗaya mai iska ne, baƙi sumul, ba nauyi,
kuɗinsa ya haɗiye fanshona na wata uku.
Ɗayan ƙarfe ne zalla, da sifirin a ciki,
kamar an ɗaura wa keke turmi.
Ya ce, "Don Anakleto, tsere za ka shiga?"
Na ce Lahadi kawai, in hadari bai haɗu ba.
Ya mayar da baƙin kan ƙusarsa.

Ranar farko ya nutse, ya taso, ƙwas!
Na sauka ina neman abin da ya karye.
Ashe muryarsa ke nan.

A kan tsakuwa yana da ladabi.
In duwatsu suka jeru kuwa sai ya rikice,
ya tara bugun ya miƙo mini gaba ɗaya
kamar kwandastan da ya ƙosa da canji.
Akwai wani maɓalli a kafaɗarsa,
na murɗa dama, na murɗa hagu,
har yau ban ga abin da ya sauya ba.

Samari kan wuce ni fuu,
wani ya waiwayo ya dubi gaban kekena, ya yi murmushi.
Iya kuɗinka, iya shagalinka, yaro.
Ku daƙiƙa kuke kora,
ni inuwar itacen turaren nan nake nufi,
inda ake hango garin kwance kamar shanya.

A sanyin Yuni yakan sandare,
sai mun yi rabin hawa kafin ya saki jiki.
Fermina ta ce, "Gwiwarku ɗaya kai da shi."
Ban musa ba.

Da yamma nakan goge masa ƙafafu
da tsohuwar rigata ta aiki.
Tsatsa ta fara ɗigo a ta hagu,
Eulohiyo ya ba shi damina biyu, ko uku in na kula.

Jiya da na sauko
na ɗaga kofin kunun masara da hannu ɗaya,
bai zuba ba.