Daƙiƙa Huɗu da Ɗigo Biyu

Ni aikina awon shiru.
Can ƙasa, a tashar Tongyong, mata na awon kifi,
ni kuwa a hawa na uku, da abin sauraro a kunne,
ina auna ramin da ke tsakanin kalma da kalma
a bakin baƙin da ke koyon Koriyanci.

Farfesa Pyo ta ce:
duk shirun da ya haura rubu'in daƙiƙa, ɗiga masa alama.
Wata bakwai ina ɗigawa.
Takarduna sun koma jikin zabuwa.

Lamba goma sha ɗaya sunansa Wardoyo,
ko da yake ƙa'ida ta ce in ɓoye.
Mutumin Tegal ne, daga tsibirin Jawa,
shekara uku yana jan koma a jirgin wani.
Gishiri ya tsattsaga masa tafin hannu.
Ran Lahadi yake zuwa, da ƙarnin teku a riga,
ya zauna gaban na'ura kamar mai jiran allura.

Koriyancinsa na kan ruwa ne:
Ja! Saki! Maza! Kauce!
Da tsawa aka ɗura masa, cikin iska.
Ran farko ya gaishe ni da gaisuwar da ake wa yaro.
Na murmusa, na rubuta: kuskuren ladabi, ɗaya.

Harshenmu matakala ne.
Kowane aikatau da wutsiyarsa,
wutsiyar ke faɗin wa ke sama, wa ke ƙasa.
Doguwa ta manya ce, gajera ta tsara da ƙanne.
Kafin rani ya fita ya iya su duka,
har yana yi wa abokansa gyara.

Sai gwaji na tara.
Na ce, ɗauka ni ce mai jirgi,
albashinka ya makara wata biyu, tambaye ni.
Ya gyara zama. Ya ce, "Kuɗin nan nawa..."
Ya tsaya.
Zaren sauti a allo ya miƙe ɗoɗar
kamar teku da asuba.
Daƙiƙa huɗu da ɗigo biyu.
Kaf taskarmu babu shirun da ya kai shi.
Na jefa shi gurbin "laluben kalma", na tafi cin abinci.

Da mako ya zagayo na kunna masa muryarsa.
Na ce, nan wace kalma ce ta ɓace maka?
Ya dubi hannunsa.
Ya ce, "Ba ta ɓace ba, malama. Duka biyun suna bakina.
In na sa doguwa, na durƙusa wa wanda ya ci gumina.
In na sa gajera, gobe jirgi ya tashi ba ni.
Dubawa nake, wacce zan iya haɗiyewa."

Ashe shi ma awo yake.

Na kai wa Farfesa. Ta cire tabarau, ta daɗe.
Ta ce, jadawalinmu ba shi da gurbin wannan.
Saniyar ware ce, za ta karkata lissafi.
Cire ta, ko ki sa ta a ƙasan shafi da ƙananan haruffa.

Ban cire ba tukuna.
Da dare, in fitilun jiragen sun jeru a bakin duhu,
nakan mayar da zaren baya in ƙara murya.
Shirun ba fanko ba ne:
akwai kukan kujera, akwai tsuntsun teku a nesa,
akwai numfashi guda da aka ja aka riƙe.

Doguwar ya zaɓa a ƙarshe.
Nahawu bai sami abin cewa ba, na ba shi maki cikakke.
Amma ku zo ku ji yadda ya zaro ta,
sannu, sannu,
kamar wuƙa daga kube.