Idon Mai Goro

Ran Lahadi, in an sallame la'asar,
mukan hau benen Mumuni tela a Aboabo,
a ture keke gefe, a share ƙyallaye,
kowa ya baje abin da ya kamo cikin mako
a kan teburin yanka.
Mu bakwai ne, in ruwa bai tsare kowa ba.
Babu mai cin abinci da hoto a cikinmu:
direba, malamar asibiti, mai gyaran firiji,
Ofori mai koyar da lissafi,
da ni, mai ƙirga buhunan siminti.

Doka ɗaya ce: mai hoto ya kama bakinsa
har a gama da shi.

Na ajiye nawa, ina hura hanci a ɓoye.
Dattijuwa ce mai goro a Kejetiya,
sau uku na kewaye ta kafin na danna,
daga tsaye, daga nesa, ta bayan motar haya.

Ofori ya ɗora rula: "Bangon nan faɗuwa yake."
Sulemana ya ce rana ta cinye mayafin,
fari fat, ba zare ba saƙa.
Mumuni, da allura a leɓe:
"Ka yanke mata gwiwar hannu.
Ni in na yi wa riga haka, biya nake."
Aka yi dariya. Na taya su da haƙora kawai.
Barikisu ta daɗe ba ta tanka ba,
ta ɗaga shi wajen taga
kamar mai duba hoton ƙashi,
sannan ta ce, "Kai, tsoronta kake ji?"

Wannan maganar ce ta bi ni gida,
ta sa hannu a tuwona, ta hana ni juyi a katifa.

Talata na koma kasuwa da ambulan.
Mma Adisa ta goge hannu a zani,
ta riƙe shi nesa da ido.
"Goron ya fito," ta ce.
"Ga ja, ga fari, ganyen ma da laimarsa.
Wannan tsohuwar fa, wa ya mutu mata?
Ni ba na zama haka sai ina lissafin bashi.
Kawo abin nan."

Na rataya mata shi a wuya, gabana na faɗuwa,
adashin wata takwas ne a hannun mai goro.
Ba ta tashi ba. Ba ta ma kai shi ido ba.
Daga cinya ta danna, sau ɗaya, ta miƙo.
"Ga abin da nake gani shekara talatin."

Ƙafafu.
Silifa da aka ɗaure wa hanci da waya,
takalmin ɗan sanda,
dunduniyar 'yar dako, a tsage kamar fadama da rani,
kaza a rataye, kai ƙasa, tana harararmu,
can tsakiya yaro ya duƙa tsintar kuɗinsa,
shi kaɗai ne mai fuska.
Komai a karkace.

Lahadi na cusa shi cikin nawa, na kama baki.
Ofori ya zaro rula, ya mayar aljihu.
Mumuni ya cire allurar.
"Yau ka durƙusa," in ji Barikisu.
"Duk abin da ka kawo bana, wannan ne naka."

Doka ta ba ni shiru,
kuma shirun na da faɗin da zan ɓuya a ciki.
Aka kira magariba daga masallacin ƙasa.
Na ce, "Na mai goro ne."

Sulemana ya yi dariya har da tari.
"To, mako mai zuwa ka zo mana da ita."

Na isar da saƙo.
Ta ce gwiwarta ta daina hawan bene,
mai son sani ya sauko,
ya zo da 'yar kujerarsa,
kuma ba a zama mata a gaban faifai
ba a sayi goro ba.