Canjin Hannu, Daren Laraba

Ƙarfe biyun dare a Tawa,
Tankari na gyangyaɗi ƙarƙashin fanka.
Can cikin zuciyar na'ura
akwai mai tantance ƙunshin saƙo:
wannan na asibiti, wancan na banki, wancan shara.
Yau zan sauke shi.

Innata Cima, mai ware albasa,
ba ta tashi daga bakin buhu
sai hannun mai karɓarta ya shiga.

Na duba lambar tsohon, kar in tuɓe na wani.
Na ɗora sabon, bugu guda, ba giɓi.
Tsohon kuwa ban share shi ba
sai da ƙunshin ƙarshe ya bar hannunsa.

Rezo ko tari bai yi ba.
Tankari ya buɗe ido:
"To, mu fara?"