Samirar Iya Cima

Kafin pampon Garin Malam ya ɗauke
na tari rabin bokiti,
na ɗauko samirar Iya Cima
da ta kwana cikin ruwan kanwa.

Manja ya yi mata zobe a wuya.
A gindi, ƙanzon tuwon da ya kama
ranar da hira ta yi daɗi.

"Ban da yashi," in ji ta kullum,
"samira ba ta yafe karce."
Sai lemun tsami, sai toka a tsumma,
sannu, kamar wankin miki.

Furanni suka dawo, ja da shuɗi.
Saura tabo ɗaya a baki,
inda ta suɓuce a kasuwar Dole
shekarar da hannun Iya ya fara rawa.

Na goga, na goga.
Ashe ba dauɗa ba ce.
Na kife ta a rana.