Ruɓaɓɓen Ƙwai

A Jidda, bayan la'asar, muka ɗage murfin masai,
wari ya taso kamar ruɓaɓɓen ƙwai.
Ilu ya toshe hanci, ya bi tsani.

Can ya ɗago kai yana dariya:
"Warin ya tafi!"
Ashe wari na nan,
hancinsa ne gubar ta kashe.

Ko ihu bai yi ba, ya sulale.
Zan bi shi, Attayib ya cafke rigata:
"Ramin nan ba ya ƙoshi da mutum ɗaya."

Wata uku ke nan idona na yaji,
kaina na sara, ina mance sunan titinmu.
Zoben azurfarsa da aka miƙo min
ya yi baƙi ƙirin.
Na goge, na goge.