Makulli Yana Cikin Ɗaki

Tsawar bara ce ta ƙone bakin waya
na kwamfuta goma sha huɗu a lekol ɗin Yalwa.
Faifansu kuwa tun kafin tsawar ya mutu.
Na ce wa Madam Asta ta riƙe kuɗinta,
uwa ɗaya ta isa ta shayar da su duka
ta cikin waya, kowace safiya.

Baki ya faɗa. Saura hannu.

Na sauka kasuwar Garwa wajen Hammawa,
na sayo adafta, jaka uku-uku,
farare, gajeru, kamar ɓawon gyaɗa mai wutsiya.
Na cusa ɗaya, na kunna, na jira.
Baƙin allo ya dube ni,
ya ce bai ga hanya ba.

Sajo, yaron da ke riƙe mini sukundireba,
ya ce, Oga, mota ce babu direba?
Na ce direban yana nan,
yana wajen uwar, a ɗakin can.
Ya ce, to a ɗauko shi mana.
Na ce da wace motar?
Ya yi shiru, ya sosa ƙeya:
ashe an kulle ɗaki, makulli yana ciki.

La'asar ta same ni ina sauya rami,
na bar shuɗi na koma baƙi,
na shiga saitin farko na kashe wancan, na kunna wannan,
gumi yana ɗiga a kan madannai.
Zafin Maris bai bar ko iskar Binuwai ta hauro ba.

Sai na karanta lambar cikinsu.
Kwali ɗaya, suna ɗaya, hoto ɗaya,
amma tara jininsu daban, biyar jininsu daban.
Hammawa bai yi ƙarya ba,
shi ma kwali ya saya.

Na ɗauki tsohuwar kile mai fasasshen murfi,
na zuba mata ɗan guzuri,
direba ɗaya tak, wanda ya san hanyar gida.
Koren ido ya ƙifta.
Ta nemi adireshi, aka ba ta.
Rubutu ya zubo kamar tururuwa ta ga sukari,
Sajo har ya miƙe tsaye.

Rabin hanya ta sake mancewa.
Wanda ya karɓi tuƙin bai san motar ba.
Na koma wajen uwar,
na kwance ƙunshin, na sa shi ciki, na ɗaure.

Bayan isha'i ta tashi,
ita kaɗai, ta kusa da taga,
haskenta a kan fuskar mai gadi
da ya leƙo tambayar ko mun gama.

Na yagi salatif, na rubuta lambar, na manna a gefenta.
Sajo ya ƙirga sauran da yatsa.
Sha uku, Oga.
Na ce na sani. Miƙo mini shayin, ko ya huce.