Gwangwanin Kaka Pilar

A kasuwar Iloilo, layin masu busasshen kifi,
kakata Pilar tana da gwangwanin biskit
wanda rabonsa da biskit tun ba a haife ni ba.
Asusun mata goma sha bakwai ne a ciki,
peso ashirin-ashirin duk ranar Asabar,
ajiyar ranar da mutuwa za ta yi sallama.

Ni ce mai ƙirga.
Shekarata tara, yatsuna na ƙarnin kifi,
ina jera tsaba a kan buhun gishiri,
goma nan, goma can,
in rushe, in sake, ba don na yi kuskure ba,
sai don daɗin ganin lissafi ya koma gidansa.
Yara na can suna bin ƙaguwa a bakin ruwa.
Ni kuwa ragowar rabawa ce ke hana ni barci:
ina ukun nan za ta je?

Sai shekarar da guguwa ta taso daga teku.
Mako ɗaya, gawa huɗu.
Gida na farko ya karɓi rabonsa cif,
na biyu ya karɓa,
na uku ya sami abin da ya samu.
Da aka zo kan mijin Nenita
Kaka ta kifa gwangwani, ta bubbuga gindinsa,
ba abin da ya faɗo sai tsatsa.
Da yamma ta cire 'yan kunnenta,
ta dawo da kuɗin akwatin gawa, kunne fayau.

Na tambayi Malam Tupas, bayan an tashi aji:
nawa ya kamata a ce akwai a ciki?
Ya ajiye alli, ya daɗe yana dubana.
Ya ce, Marikit, wannan tambayar taki sana'a ce.
Akwai masu cin abinci da ita.
Suna auna haɗari kamar yadda kakarki ke auna kifi,
kamfanin inshora ba ya motsi sai sun yi magana.

Ban san hanyar na da tsawo haka ba.
Jarrabawa bayan jarrabawa, kamar ɓawon albasa.
Ta uku ta kayar da ni sau biyu.
Na yi kuka a motar haya, a cunkoson Manila,
littafi a cinya, mai ƙosan ayaba yana leƙo ni ta taga.
Na share ido, na buɗe shafin da na tsana.

Yau ina hawa na goma sha tara.
A gabana jadawali ne, dogo, mai sanyi:
cikin dubu masu shekara saba'in da huɗu,
kaza ne ba za su ga baɗi ba.
Jadawalin bai san sunan kowa ba.
Bai san cewa ɗaya daga cikin dubun nan
tana sa tafarnuwa fiye da kima a miya,
tana kuma zagin rediyo in ya yi ƙarya.
Ni na sani. Shi ya sa nake duba layin sau biyu.

Ta kira ni ran Lahadi, bayan coci.
Ke mai lissafi, kin gano ranar tawa?
Na ce, Kaka, wannan na Ubangiji ne.
Ban san wa ba, ban san yaushe ba.
Nawa kaɗai na sani, shi ma kusan-kusan.
Aikina kada a kifa gwangwani a tarar da tsatsa.

Ta ce, to nawa za mu riƙa zubawa?
Na ce talatin da biyar, a kuma ware na guguwa.
Ta yi tsaki, ta ce matan za su cinye ta ɗanya.

Sun yi mita wata biyu.
Suna zubawa.
Nenita ce ke riƙe da littafin yanzu.